Kukan Ɗan Gada

Kakata Iya Dije ba ta yarda naman daji ya shiga tukunyarta sai ta matsa hantsar dabbar da yatsunta. Wannan nake fara tunawa da ita, kafin fuskarta ma. Idan mahaifina ya dawo daga farauta ya sauke gada a tsakar gida, ba mai ɗauko wuƙar fiɗa sai Iya ta fito, ta durƙusa da ƙyar tana dafe da gwiwa, ta juya dabbar. In namiji ne, ta ce a feɗe. In mace ce, ta matsa nonon. Ya zo a bushe, ta sa albarka. Ya fito da fari, ko ɗigo ne, sai ta goge yatsa a gefen zani, ta miƙe ta shige ɗaki. Ranar kowa a gidan ya san miyar kuka za a sha gayanta, kuma bayan tuwo akwai tatsuniya.

A Makera muke zaune a lokacin. Mahaifina yana aiki a masaƙa a Kakuri, ranar hutu kuma ya ɗaura bindigar toka a jikin keke ya nufi daji. Dajin ma ba nisa gare shi ba. Inda ake ce wa Narayi yanzu, mai gidajen bene da shaguna a jere, gonakin Gbagyi ne da kurmi. In ka wuce Sabon Tasha kuwa, ciyawa ta fi ka tsawo.

Wanda bai taɓa riƙe bindigar toka ba bai san cewa harbi ɗaya gare ta ba. Ta baki ake ɗura ta. Ka zuba albarushi, ka tura tsumma da sanda ka danna, ka sa dalma, ka sake danna tsumma. In ka harba ka kuskure, kafin ka gama wannan hidimar dabba ta kai inda za ta. Mahaifina yakan ce lokacin nan na sake ɗuri rabon dabba ne, Allah ne ya ware mata, kada ka ji haushi. Mutum ne mai ƙa'ida a daji. Ba ya harbi sai ya ga kafaɗa sosai. In ya ji wa dabba rauni, ba ya komawa gida sai ya bi jininta ya same ta, ko da zai wuni. Abu ɗaya ne ya kasa bari, shi ne kira.

Ga yadda kiran yake. Gada tana ɓoye ɗanta a cikin ciyawa ta tafi kiwo, shi kuma ya kwanta shiru. In wani abu ya tsorata shi sai ya yi wani siririn kuka mai karyewa a ƙarshe. Maharbi yakan toshe hanci da yatsu biyu, ya rufe baki da tafin hannu, ya kwaikwayi kukan nan. Namiji kan leƙo wani lokaci, a hankali, don ya ga mene ne. Amma wadda take zuwa a guje, ba ta duba iska, ba ta duba komai, har ta tsaya a gaban bakin bindiga, ita ce mai shayarwa. Da damina ya fi ci, lokacin da 'ya'ya suke kwance ko'ina.

Shi ya sa tatsuniyar nan ta damina ce. A rumfar girki muke taruwa, ruwa yana dukan kwano, mun jera masara a bakin murhu, kowa yana gadin tasa. Iya tana kan kujerarta 'yar tsugune, tana tura itace da ƙafa. Mahaifina kuma yana can bakin ƙofar ɗakinsa yana goge bindiga da man gyaɗa, tazarar da in ka yi magana a rumfa sai ta isa kunnensa. Sai da na girma na gane ba don mu take ɗaga murya ba.

"Akwai wata a bakin ƙofa," haka take farawa. "In buɗe mata?"

Mu ce, "Buɗe mata, Iya."

Wai an yi wani maharbi, Allah ya ba shi ido, ya ba shi hannu, bai ba shi haƙuri ba. Zaman jiran dabba yana gajiyar da shi. Wata rana yana ratsa ciyawa sai ya tarar da ɗan gada a kwance inda uwarsa ta ajiye shi. Ya tsuguna ya ce masa, ara mini kukanka. Ɗan gada ya ce, da shi nake kiran uwata. Maharbi ya ce, ai ni ma ita zan kira maka, kafin rana ta faɗi zan dawo maka da abinka. Yaro ne, bai san mutum ba, sai ya ciro kukan ya ba shi.

Maharbi ya haɗiye kukan, ya koma gindin wata ɗorawa ya ɗana bindiga ya rera. Uwar ta taho a guje. Ya harbe ta, ya yanka, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar gida, yana ta murna yau bai sha rana ba. Maganar mayar da aro kuwa ta fita daga kansa.

Da ya isa ƙofar gida ya buɗe baki zai yi sallama, sai kukan ɗan gada ya fito. Matarsa ta yi dariya. Ya ce zai ce mata ta kawo ruwa, kukan ya sake fitowa. Ta daina dariya. A masallaci ya kasa amsa amin. A kasuwa karnuka suka riƙa binsa. Da duhu ya yi, kura ta zo tana shinshina dangar gidansa, bayanta damisa.

A nan Iya takan dakata, ta juya masarar wanda ya shagala.

"Kun ɗauka uwa kaɗai ke jin kukan yaro? Duk mai son cinye shi ma yana ji."

Gari na wayewa maharbi ya ruga daji neman mai kukan. Ƙarshen labarin kuwa ya danganta da yawan nonon da ya taɓa yatsan Iya a ranar. In ɗigo ne, sai maharbi ya tarar da ɗan gada da sauran numfashi, ya rungumo shi ya kai wa akuyar gidansa ta shayar, sai ranar da aka yaye shi muryar mutumin ta dawo, ita ma a dishe har ya mutu. In kuwa nono ya yi tsartuwa, to ya tarar da shi a inda ya bar shi, baki a buɗe, ya yi ta kira ba sauti, tururuwa ta riga ta hau idonsa. Babu wanda za a mayar wa aro. Maharbin yana nan yana yawo a dajin bayan Rido har yau, in ya ga mutum ya buɗe baki.

"Na mayar da ita inda na ɗauko ta," in ji Iya, tana kakkaɓe zani. "Wanda ta taka wa ƙafa, ya janye ƙafarsa."

Sau ɗaya na ji mahaifina ya tanka. Ya ajiye tsumman mai, ya ce a ladabce, "Iya, ai halal ce. Na yi bisimilla kafin in harba, na kuma yanka da hannuna."

"Na ce maka haram ce? Ka ci abinka, Mamman. Wannan ka yi mata bisimilla. Wanda ke kwance a ciyawa yana jiranta fa, wa ya yi masa?"

"Ina zan san tana da ɗa?"

"Kai da ka kira ta da muryarsa? Allah ya ba ka harbi ɗaya, ya ba ta ƙafa huɗu, ya ce ku je ku gwada. Yaushe ya ba ka bakin ɗanta?"

Mahaifina ya ɗauki tsumman ya ci gaba da goge bindiga. Washegari kafin jiniyar masaƙa ya hau keke cikin yayyafi ya koma wurin da ya yi harbin. Bai samu ɗan ba. Ya rage kira daga ranar, amma bai daina ba, ni kuma kunnena ya riga ya ɗauka. Ina kasa kunne a bayansa, ina gwadawa a bayan gida, har na fi shi iyawa. Da na girma na gaji aikinsa a masaƙa, na gaji bindigarsa, na gaji kiran. Shekarun da masaƙu suka rufe muka zauna ba aiki, na yi kira ba kaɗan ba, kuma Iya ba ta nan balle ta duba. A shekarun nan ban taɓa matsa hantsa ba, don na san abin da zai fito. Na daina ne da gada ta yi wuya kuma gwiwa ta ƙi tsugunno, ba don na zama mutumin kirki ba.

Da abin ya tsaya a nan da ban ɗauki biro ba. Abin da ya sa nake rubutun nan, bara ya faro, ranar sunan ɗan Nura.

Nura ɗan ƙanena ne, yana tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin Kakuri da Sabon Tasha, kuma yana cikin wata ƙungiya ta matasa masu kiran kansu mafarauta. Sun zo sunan da rigunansu masu layu da bindigoginsu. Bayan an ci an sha suka kewaye ni a ƙofar gida, wai Baba Tanko ya ba su labarin daji. Na ba su. Wani a cikinsu ya ce shi fa bai yarda mutum zai iya kiran gada da baki ba, tsofaffi suna ƙara gishiri. Tsufa ba ya kashe son a yaba maka. Na toshe hanci na yi. Har akuyar maƙwabta ta amsa daga turke. Nura ya miƙo waya kusa da bakina.

"Baba, sake yi, hayaniya ta shiga wancan."

Na gyara zama na sake, har da karyewar nan ta ƙarshe wadda ita ce ke tsinka zuciyar uwa. Suka tafa mini. Na koma gida ina jin kaina.

Daminar bana na biya gidan Nura in duba yaron, ya fara tafiya. Ina shiga na ga gada a kan siminti kusa da famfo, ƙuda sun fara sauka. Nura yana wasa wuƙa, abokinsa Bulus yana riƙe da ƙafar. Bulus mai walda ne a Sabon Tasha, shi ke gyara musu bindigogi, yaro mai gaisuwa. Ban yi shawara da hannuna ba. Na durƙusa na juya ta, na matsa. Nono ya yi tsartuwa har kan hannun rigata.

"Da me kuka kira ta?"

Nura ya yi dariya, ya nuna wata 'yar sifika baƙa a kan taga, ba ta kai girman sabulu biyu ba. "Da kai, Baba. Wallahi kamar magani. Mu rataya a reshe, mu koma inuwa, in danna. Ko minti biyar ba a yi."

"Tana shayarwa."

"Nama dai nama ne. Matata Maman Amir ma shayarwa take yi, romo take buƙata."

"Ka je ka gaya mata romon wa za ta sha, in ga ko zai wuce maƙogwaronta."

Bulus ya saki ƙafar ya miƙe. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. A ƙauyenmu ma kakata ba ta cin irin wannan. Mun manta ne kawai."

Ba mantuwa ba ce, ba a koya musu ba ne, kuma ni da ya kamata in koya musu, abin da na ga dama na koya. Amma duk da haka zan faɗi abin da ke raina. Wannan ba farauta ba ce. Mahaifina da laifinsa, yana tsugunne a cikin raɓa, sauro yana cizonsa, da huhunsa yake ƙaryar, in ya gaji ƙaryar ta ƙare. Waɗannan batir suke sa wa. Suna zaune suna latsa waya, murya tana ta kuka a kan itace, ba ta gajiya, ba ta jin kunya. Ba su san iska ba, ba su san sawu ba. Dalma ma ba su sa wa bindiga, sai guntayen rodi da boris ɗin babur, abin da ke watsuwa ya fasa ciki ya karya ƙafa bai kashe ba. Dabba ta shige ƙaya da hanji a waje, su ce ta tsere, su matsa gaba su sake rataya sifika. Na tambaye su ko sun taɓa bin jini, Nura ya ce takalminsa sabo ne. Sannan su ɗauki hoto da ƙafa a kan wuyan gadar da ba ta kai ɗan akuya ba, wai jarumai.

Na ce, "Goge shi yanzu, a gabana."

"In na goge nawa, na sauran fa? Na sa a gurup ɗinmu na waya tun bara. Har Kujama da muryarka ake aiki, Baba. Ka yi suna."

Na zauna a bakin famfo. Maharbin Iya ko ba komai kukan a maƙogwaronsa ya maƙale, ya san inda yake, zai iya ɗauka ya kai wa mai shi. Nawa yana aljihun mutanen da ban taɓa gani ba.

Ina da 'yar gona wajen Rido, inda in ka ɗaga kai kana hango bututun matatar mai. Ƙasan gonar akwai rafi da ɗan kurmin da magina ba su kai gare shi ba tukuna. Tun farkon damina nake ganin wata gada a wurin, tana fitowa cin ganyen wake, na ƙyale ta. Na ga ɗanta sau ɗaya a ƙarƙashin gamba, kunnuwa kawai. Ni da bakina na ba Nura labarin a watan baya, cikin murna, kamar mai ba da labarin baƙo. Yanzu ina shirin fita daga gidansa ya ce ranar Asabar za su leƙa ta wajena.

"Ban yarda ba."

"Baba, gonarka a bakin rafi ta tsaya. Kurmin ba na kowa ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Na je wurin ubansa, ƙanena, ya ce in bar yara su nemi abinci, ni da na ci nawa a lokacina. Wannan ma gaskiya ce, ta fi ta farko zafi.

Ranar Asabar na riga su isa. Na ɗauko bindigar mahaifina daga bayan gado, na zuba albarushi, na danna tsumma, ban sa dalma ba. Na zauna a cikin dawa ta gefen rafi. Da hantsi suka zo a babur, Nura da Bulus. Suka rataya sifikar a reshen kanya, suka koma bayan wani suri. Nura ya ɗora bindiga a gwiwa ya danna waya.

Ban taɓa jin kiran nan daga waje ba sai ranar. Kullum daga cikin kaina nake jinsa. Muryata ce, ta tsoho mai jikoki, tana kuka kamar jariri a kan itace, kuma ta yi kyau, ta yi kama. Ba a daɗe ba ciyawa ta tsage. Gadar ta taho a guje, kunnuwa a tsaye, ta nufi kanyar kai tsaye. Na ga Nura ya ɗaga bindiga. Na ɗaga tawa sama na ja kunama.

Ƙarar ta cika kurmin, hayaƙi ya rufe mini ido, kafaɗata ta amsa. Nura ya firgita ya saki nasa harbin a cikin ganye. Ita kuwa ta juya a iska ta faɗa ƙaya. Bindigarsa ta zama fanko, tawa ma haka. Abin da ya rage rabonta ne, kamar yadda mahaifina ya ce, kuma ta karɓa.

Nura ya tsallako rafi. "Baba, da ta nan na saki fa? Da na kashe ka, me zan ce wa mutane? A kan gada?"

"Sai ka ce musu sifika ce ta kira ni."

"Kai ka koya mana. Yanzu da ka ƙoshi ka zama malami."

"Ni na koya muku. Shi ya sa ni na zo."

Bulus ya juya wajen kanyar. Ya je ya sauko da sifikar, wadda har lokacin take kuka, ya kashe ta ya sa a aljihu. Tun ranar Nura yana gaishe ni daga kan keke ne, ba ya tsayawa. Na ji suna zuwa wasu dazuzzukan. Ban hana komai ba sai a kurmi ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki ina noma da la'asar sai na ji kukan daga cikin gamba. Na ajiye fartanya na duba ko'ina, ba babur, ba mutum. Na gaske ne. Wani shaho yana shawagi ƙasa ƙasa a kan wurin. Na tsaya ina jiran ciyawa ta tsage.

Ba ta tsage ba. Sai can na hango uwar a bakin ƙaya, ta fito da kai kawai. Ta ɗaga hanci. Ta koma. Ɗan yana ta kira, muryar tana karyewa, shaho yana ƙara sauka. Ta ɓullo ta wani gefen, ta zagaya ta bayan iska, ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama tana kallon kanyar nan. Na samu kaina ina magana a ƙasan maƙoshi kamar mahaukaci, ina ce mata je ki, naki ne, ba ni ba ne. Na ɗauki hoge na jefi shahon, ya yi sama. Sai da ta ga dama, sai da ta gama shinshina duk abin da za ta shinshina, sannan ta taka a hankali ta shiga gambar. Kukan ya tsaya.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Iya a kan hukuncin maharbi take, kura a bayan danga da baki mai ƙin sallama. Abin da ya fi ba mu tsoro ke nan a rumfa. Ban taɓa tambayar me ya faru da sauran uwayen dajin ba bayan labarin ya bazu a cikinsu. Ranar na gani da idona. Na cece ta daga Nura ta hanyar koya mata cewa kukan ɗanta yana iya zama ƙarya, kuma ta koya. Wata rana ba shaho ba ne zai zo, kare ne, ni kuma ba na gona, ita tana bakin ƙaya tana shinshina iska.

Da can a guje take zuwa.